Gidaje Sittin da Uku da Suka Ce Haka Ne

Ranar da Mu'azu Ɗanliti ya samu aikin nan, sai da ya bi majalisun Kiru ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da mutanen da rabonsa da yi musu sannu an fi shekara. Ba kewarsu ce ta kama shi ba. So yake a ga katin da ke rataye a wuyansa, mai hotonsa da shuɗiyar igiya, a kuma ga na'urar da aka ba shi, wata waya mai faɗin faranti da ake dangwala amsoshi a kanta.

Aikin ba wani abin ruɗani ba ne. Wata cibiya ce a Kano ta karɓi kwangilar auna yadda mutanen ƙasa ke kallon kimiyya: sun yarda da ita, suna tsoronta, ko ma ba su san tana yi ba. Aka ɗebi matasa aka yi musu tirenin na kwana biyar, aka raba musu ƙananan hukumomi. Mu'azu ya samu huɗu: Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Na'urar ce ke zaɓar gida, ita ce kuma ke zaɓar wanda za a tambaya a cikin gidan. Naka ka karanta, ka dangwala, ka yi godiya, ka ƙara gaba. Wanda ya yi aiki mai kyau za a riƙe shi shekara biyu. Ga mutumin da ya gama difloma a fannin gwaje-gwajen kimiyya, ya dawo gida ya shekara huɗu yana gadin wayoyin mutane a shagon caji na yayansa, shekara biyu da kati a wuya ba wasa ba ce.

To, kun dai san halinmu, mu 'yan bokon kudancin Kano. Idan ɗayanmu ya taɓa leƙa madubin ƙara girman abu sau ɗaya ya ga ɓawon albasa, shi ke nan, likita ma sai ya yi a hankali a gabansa. Mu'azu ya fi mu duka. Da ma can bakinsa kamar injin markaɗe yake, ba wanda ya tsira daga tsokanarsa, daga mai shayi har ladan. Amma da aiki ya samu sai ya ce irin wannan baki bai dace da babban mutum ba. Ya kulle shi. Ya ari babbar rigar yayansa, ya sayi tabarau marar magani, ya koyi wani tari da manya ke yi kafin su fara magana.

Duk gidan da ya je, bayan an gama gaisuwa, haka yake buɗewa: "Sunana Mu'azu, ni masanin kimiyya ne, daga Kano aka turo ni." Ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba ta cikin takardar tirenin. Shi ya ga ya dace ya ƙara, don aiki ya yi kwarjini.

A Ɗansoshiya, misali, na'ura ta zaɓi wani dattijo, Malam Mamman, wanda ya taso daga sussukar dawa ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya sa aka kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Mu'azu ya gyara tabarau ya yi tarin nan.

"Baba, zan karanta magana, kai kuma ka gaya min ko ka yarda sosai, ko ka yarda kaɗan, ko ba ka yarda ba. Kimiyya tana sauƙaƙa wa mutane rayuwa. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Haka ne ƙwarai."

Ya dangwala "na yarda sosai". Ya sauka ƙasa.

"Cutarwar kimiyya ta fi amfaninta yawa."

Malam Mamman ya dubi babbar riga, ya dubi kati, ya dubi na'ura. Baƙo ne a tabarmarsa, masani kuma, tun daga Kano. Kuma baƙon ne ya faɗi maganar da bakinsa.

"Haka ne, Malam. Ai ku kuka sani."

Mu'azu ya dangwala "na yarda sosai", zuciyarsa fes. Minti goma sha biyu ya gama tambaya arba'in. Da zai tafi aka cika masa aljihu da gyaɗa.

Cikin kwana tara ya gama gida sittin da uku a Kiru da Bebeji, ya wuce kowa a ƙungiyarsu. Har ya fara tunanin irin babur ɗin da ya kamata mutum irinsa ya hau.

A rana ta goma da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Rufaida Kyauta ce, sufabaizar da ke duba aikinsu, 'yar Tudun Wada, wadda a kwana biyar na tirenin ba wanda ya ga haƙorinta.

"Mu'azu, kana ina?"

"Ina fagen fama, Anti. Kin ga lambobina kuwa?"

"Na gani. Oga ma ya gani. A ƙarƙashin wace bishiya kake zama ka cike su?"

Ya cire tabarau, kamar da shi yake jin magana. "Bishiya kuma?"

"Mutum sittin da uku, kowannensu ya yarda sosai cewa kimiyya alheri ce, ya kuma yarda sosai cewa masifa ce. Sun amince da masu bincike ɗari bisa ɗari, kuma ɗari bisa ɗari sun ce mayaudara ne. Akwai wata tsohuwa a Bebeji da ka rubuta cewa tana karanta labaran kimiyya a intanet kullum. Oga ya ce a karɓi na'urar a hannunka yau, a tura sunanka ga sauran cibiyoyi kada wani ya ƙara ɗaukar ka."

"Wallahi Anti, gida-gida na bi. Ga gyaɗarsu nan ma ban gama ci ba."

"Na roƙa an ba ni gobe. Saura Doguwa da Tudun Wada ba ka taɓa ba. Mu haɗu a tashar Tudun Wada ƙarfe bakwai, mu tafi Doguwa tare, in zauna in ga yadda kake yi. In na ga ƙarya, a can zan karɓi na'urar."

Abin da ya fi damun Mu'azu shi ne, a karon farko a rayuwarsa ana zarginsa da ƙarya alhali bai yi ba. Bai san yadda ake kare irin wannan ba. Waɗanda ya yi, ya ƙware a kansu.

Washegari suka shiga bas, suka ratsa daji, suka sauka Doguwa, daga nan 'yan achaɓa biyu suka kwashe su ta wata hanya da ruwan damina ya cinye rabinta. Na'ura ta nuna wata ruga a gindin tudu, inda masara ta bushe a tsaye, shanu kuma suna kwance a inuwa suna tuƙa. Babbar riga ta sha laka har gwiwa.

Gida na farko, na'ura ta zaɓi maigidan, wani dogon Bafulatani mai suna Dikko. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi hanya, aka kawo nono. Rufaida ta zauna gefe da littafinta. Mu'azu ya yi tari.

"Sunana Mu'azu, ni masanin kimiyya ne, daga Kano aka turo ni."

Alƙalamin Rufaida ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi.

"Allurar rigakafin dabbobi tana da amfani. Ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji Dikko, idonsa a ƙasa.

"Allurar rigakafin dabbobi ba ta da wani amfani."

"Haka ne, Malam."

Mu'azu ya juya ya kalli Rufaida da fuskar wanda kotu ta wanke. Ga shi nan, a gabanta, da kunnenta. Ita kuwa ta dafe goshi ta bar hannun a wurin har aka gama tambaya arba'in.

Da suka fito ta tsaya a bakin shinge. "Haka ka yi duk sittin da ukun?"

"Sak. Kin ga ba ƙarya na yi ba."

"Wa ya ce ka ce kai masani ne? Wa ya koya maka 'ko ba haka ba'? Ka shigo gidan dattijo da riga kamar mai neman kujera, ka faɗi magana da bakinka, kana gyaɗa kai, sannan kana jiran ya ƙaryata baƙonsa a kan tabarmarsa? A gidanku haka ake yi?"

Mu'azu ya sosa ƙeya. A gidansu ma, in baƙo ya ce rana daga yamma take fitowa, babansa cewa zai yi "ikon Allah", sai baƙon ya tafi a yi dariya.

"Ban san me zan gaya wa Oga ba," in ji ta. "Maƙaryaci ana korarsa. Kai kuma abin da ka kawo bai fi na maƙaryaci amfani ba. Mu je gida na biyu, in gama ganin abin da zan gani."

Gida na biyu yana can bayan garken. Na'ura ta tsallake maza uku ta zaɓi wata tsohuwa, Inna Habiba, wadda suka tarar a gindin tsamiya tana wanke ƙore da tsakuwa. 'Yar ƙarama ce, amma idonta kamar na mai ƙirga shanu a cikin ƙura. Ta amsa gaisuwa da ladabi, ta sa aka ba su kujeru 'yan tsugunno. Mu'azu, da jikinsa ya riga ya mutu, ya manta da tari, ya manta da Kano. Ya ce kawai sunansa Mu'azu, daga Kiru.

"Kiru," in ji Inna. "Ɗan gidan wa?"

"Gidan Ɗanliti."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. "Ɗanliti mai kanwa? Mai zanen fuska har wuya, da yake kawo wa shanu kanwa a kan jaki?"

"Kakana ne."

Inna ta ajiye ƙwaryar, ta gyara zama, duk ladabin nan ya sauka daga fuskarta kamar an cire mayafi.

"Au, ashe Babarbare ne na ba wa kujera. Tashi ka zauna a ƙasa, bawana. Wa ya ara maka riga?"

Rufaida ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna, ta rufe. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun na kakanni. Kowa bawan kowa ne, kowa na iya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Mu'azu ya yi ƙoƙari, wannan kam a yaba masa. Ya riƙe bakinsa ya karanta tambaya ta farko. "Inna, kimiyya tana sauƙaƙa wa mutane rayuwa."

"Mece ce kimiyya? Matarka ce?"

"Ilimin gwaje-gwaje ne, irin wanda ake yin magani da taki da waya da shi."

"To ka raba su mana, ka haɗa min abu uku a ƙwarya ɗaya. Waya ta sauƙaƙa. Jikana yana can Bauci da shanu, ina jin muryarsa. Taki kuwa ya koya wa ƙasa kwaɗayi, yanzu in ba a ba ta ba, ba ta bayarwa. Rubuta rabi."

"Babu rabi a nan, akwai 'na yarda kaɗan'."

"Rubuta shi. Kakanka ma kaɗan muke yarda da shi. Kanwarsa rabi yashi ce."

A nan makullin bakin Mu'azu ya karye. "Inna, yashin ai don ku yake zubawa. Ya ga Bafulatani ba ya ƙiba, ya ce bari ya ƙara muku nauyi kada iska ta kwashe ku."

Inna ta tuntsire da dariya har da buga cinya. Matan gidan suka fara leƙowa.

Daga nan hira ta ɓalle. Ya karanta maganar allurar dabbobi, ta ce wacce daga ciki? Ta ciwon huhu ta yarda da ita, don shekarar da aka yi wa garkensu aka bar na maƙwabta, da idonta ta ga inda ungulu suka sauka. Amma akwai wata da wani ya zo da ita a jakar leda, ba ƙanƙara, cikin rana tsaka, wannan ko akuyar Babarbare ba za ta bari a yi wa ba.

"Wa ya gaya miki sai da ƙanƙara?"

"Wanda ya zo da ta farkon. Na tambaye shi me ya sa yake yawo da akwatin sanyi, ya gaya min. Ku ne ba kwa tambaya, don kada a ce ba ku sani ba."

Ya tambaye ta ko ta amince da hasashen yanayi na rediyo. Ta ce tana saurare, sannan ta duba tururuwa, in sun yi daidai ta kwashe shanya, in sun saɓa ta bi tururuwa, don su a nan suke kwana, mai rediyo kuwa yana Kano. Ya tambaye ta ko ta san sunan wani mai binciken kimiyya a ƙasar nan. Ta ce ba ta sani ba, ta nemi shi ya faɗa mata guda ɗaya.

Mu'azu ya buɗe baki. Ya duba sama. Ya duba na'ura. Sunayen da suka zo masa duka na Turawan da suka mutu ne tun kafin a haifi kakansa, na cikin littafin sakandare.

"Suna da yawa," ya ce.

"Ɗaya na ce."

"Ba ni ake tambaya ba, Inna."

"Yarinya," in ji Inna, ta juya ga Rufaida, "a cikin abin nan akwai wurin da ake rubuta cewa mai tambayar ma bai sani ba?"

A nan ne Mu'azu ya ga haƙoran Rufaida. Ta sa littafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Da aka zo kan ko ta taɓa ziyartar ɗakin gwaje-gwaje, Inna ta ce a'a, amma ta kai shi bayan bukka ta nuna masa ƙore uku a jere, kowacce da murfin faifai. Nonon saniya ɗaya ne, ta ce. Wannan an zuba masa tsohon kindirmo cokali ɗaya, wannan biyu, wannan kuma an ajiye shi inda rana ke taɓawa. Tun da suka dawo wannan tudun nononta ke saurin tsami, tana so ta gane ko wurin ne ko hannunta. Kwana shida ke nan tana juya su.

Mu'azu ya tsaya yana kallon ƙoren. Abin da aka koya musu ke nan a shekarar farko, a canza abu ɗaya a bar sauran, shi kuwa ranar da aka yi wannan darasin a aikace yana bakin get yana cin awara, daga baya ya kwafi rahoton wani.

"Inna, wannan ai bincike ne."

"Nono ne, bawan Allah. Kada ka sa masa ido ya lalace."

Tambaya arba'in ta ci awa ɗaya da minti ashirin. "Na yarda sosai" sau huɗu kacal ta fito. Akwai "ban yarda ba" goma sha ɗaya, akwai "ban sani ba" guda tara, kuma kowacce sai da Inna ta bayyana dalilin da ya sa ba ta sani ba, da wanda ya kamata a tuhuma.

Rufaida ta hau kan wani dutse inda sabis ke kamawa, ta kira Kano. Mu'azu yana ƙasa, ya naɗe babbar riga a hammata, yana jin rabin maganar.

"Na gani da idona, Oga. A'a, bai ƙirƙira ba, ya je gidajen. Mutane ne suka yi masa kara." Ta saurara. "Ba maƙaryaci ba ne. Wawa ne kawai, shi kuma ana gyara shi." Ta sake saurarawa, ta daɗe. "A zubar da sittin da ukun, har da na farkon yau. Zai sake su. Akwai guda ɗaya da zan turo yanzu, ka karanta bayanin da na rubuta a ƙasa. Ina ganin ba shi kaɗai ke da wannan matsalar ba, nasa ne dai ya fi fitowa fili."

Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa kiransa wawa ya ji sanyi a ransa irin na ranar ba.

Ta sauko. "Kwana goma sha biyu aka ba ka. Ba riga, ba tabarau, ba 'masani'. Ka ce kai ɗan aike ne, ba ka san amsa ba, wanda kuma gaskiya ne. Ka karanta ka yi shiru, ko shirun zai kai minti biyu. Kuma gardamar da ka yi da Inna, doka ta hana. Yau na kau da kai."

"Anti, sauran gidajen ai ba Fulani ba ne. Wa zai zage ni?"

"Ka je a yadda kake. Za a samu."

Suna shirin tafiya Inna ta ƙwala masa kira. 'Yan achaɓan sun ce ba za su iya hawowa tudun ba, suna jira a bakin rafi, ita kuma tana da nonon da za a kai wa mai karɓa a can. Ta ɗora masa gammo a ka, ta ɗora ƙwarya, ta ja masa kunne cewa in ya zubar ko ɗigo ne, har Kiru za ta aika a karɓo jakin kakansa.

"Jakin ya mutu, Inna."

"Na sani. Ai ga magajinsa."

Haka suka gangaro, Rufaida a gaba riƙe da na'ura, Mu'azu a baya, wuya a sanƙare, hannu ɗaya a kan ƙwarya, yana taka duwatsu a hankali yana lissafin ta wace unguwa zai fara a Bebeji, da kuma abin da zai ce wa tsohuwar nan mai karanta intanet kullum.